Laraba Tana Kallon Jirgi

Kwanan baya autata ta zo min da jaririyarta, ta zaunar da mu a gindin mangwaro tana ta ɗaukarmu hoto da waya. Ta ɗauka ta duba, ta ce wannan bai yi ba, ta sa yatsa ta share. Ta sake ɗauka, ta ce yarinyar ta rufe ido, ta share. Ina zaune ina kallon fuskar jaririyar nan tana bayyana tana ɓacewa a ƙarƙashin yatsan uwarta, ban san lokacin da hannuna ya kai kan nata ba. Na ce ta bar sauran haka nan. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ai hoto ne kawai, ga su nan da yawa." Mu mun tashi a lokacin da mutum zai zo duniya ya koma ba a taɓa ɗaukar kamanninsa ba, sai dai a ce ya yi kama da wane, har waɗanda suka san wanen su ma su ƙare.

Gidanmu yana bayan layin dogo, can gefen Kafanchan inda gari yake ƙarewa gonaki su fara. Ba mu da agogo, ba ma kuma bukatarsa. Kiran salla daga cikin gari shi ne na fari, bayansa kukan jirgin safe, sannan ƙarar guntun ƙarfen layi da aka rataye a bishiya bakin majami'a, wanda mai bishara yake bugawa domin addu'a. Kafin rana ta ɗaga turame sun fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, don acha ba ta yarda da raggon hannu. Ni aikina ɗebo ruwa a rafi sau biyu kafin in sa rigar makaranta. Lokacin kaka kuwa citta ce aikin kowa, a tono, a wanke, a tsaga da wuƙa, a shanya a kan falalen dutse, hannayenmu su yi ta raɗaɗi, wanda ya manta ya sosa ido ya sha kuka. Baba lebura ne a layin dogo, rigarsa kullum tana warin baƙin mai, in ya tashi aiki kuma ya saɓi fartanya. Yanzu in na bi ta tashar sai in tarar ciyawa ta haɗiye layin, awaki suna kwance inda mata suke tallan ƙosai da rake, ba ka jin komai sai ƙarar babura daga bakin titi.

Mu biyu ne a wurin Mama a lokacin, ni da ƙanwata Laraba, wadda ta zo bayana da shekara uku. Yarinya ce mai wushirya, mai hira da kaji kamar mutane, kowace kaza ta sa mata suna. Duk inda na cire ƙafa nan take sa tata. In zan tafi makaranta sai ta biyo ni har bakin layi, ta tsaya nan don an hana ta tsallakawa, tana kallona har in sha kwana. Sai kuma Kaka, uwar Baba, wadda ba ta Hausa sai ciniki ya kama ta a kasuwa. Da yarenmu take faɗa, da shi take addu'a, ko da yake ni a ganina rabin zuciyarta ne ya shiga majami'a, ɗayan rabin yana wurin abin da iyayenta suka bar mata.

A shekarun nan ne aka ce kowane yaro ya shiga makaranta, azuzuwa suka cika har wasu suna zama a gindin bishiya. Littattafanmu kaɗan ne, kuma na cikinsu ba irinmu ba ne. Yara ne farare da takalma da safa, suna cin wani ɗan itace da ba mu taɓa gani ba, a gaban gida mai fitar da hayaƙi ta kan rufi. Haddacewa muke yi kamar aku. Malamarmu, Malama Rifkatu, 'yar Fadan Kagoma ce, doguwa, ba ta son bulala, kuma zancen littattafan nan yana damunta. Takan ce yaro ba zai so karatu ba sai ya buɗe littafi ya ga gidansu a ciki. Tana da wata kyamara da ta saya a hannun mai hoto na bakin tasha, baƙa, mai ido biyu, wadda ake ratayawa a wuya a sunkuya a leƙa ta sama kamar mai duba ruwa a rijiya. Niyyarta ta yi ɗan ƙaramin littafi domin 'yan aji ɗaya, a bi yarinya guda daga safe har yamma, kowane shafi hoto ɗaya, a ƙarƙashinsa layi ɗaya na rubutu. Da yake na fi kowa iya karatu a ajinmu, sai ta zaɓe ni.

Ran wata Asabar ta zo gidanmu a kan keke. Bayan an gaisa, an ba ta kunu, ta yi wa Baba bayani. Baba ya ce, "Malama, in dai don karatu ne, ga ta nan, 'yarki ce."

Kaka tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba ta ce da yarenmu, "Mutum da inuwarsa tare suke tafiya. In ka bar baƙo ya naɗe ta ya sa a akwati, me zai riƙe yaron a ƙasa?"

Baba ya yi dariya ya ce, "Mama, ai mu ma an ɗauke mu a wurin aiki, ga ni nan ban tashi sama ba."

Ta ce ita dai ta faɗa, ta kwashi gyaɗarta ta shiga ɗaki.

Na sa rigata ta zuwa majami'a, na shafa mai har goshina yana ƙyalli, na tsaya a gaban turmi a sandare kamar soja. Malama ta ce in saki jikina, in yi kamar ba ta nan. Na kasa. In ta ce in yi dariya sai in yage baki, in ta ce in ɗaga taɓarya sai in riƙe ta kamar tuta. Tana cikin fama da ni sai na ga ta juya a hankali. Can gefen rumbu Laraba ce a tsugune cikin tsohuwar rigar Baba da ta kai mata gwiwa, tana watsa wa kaji dawa tana yi musu faɗa don wata ta fi cin zali. Ko kallon Malama ba ta yi ba. Na ji kyamarar ta yi ƙas. Daga ranar Laraba aka riƙa bi. Asabar uku Malama tana zuwa, ta ɗauke ta tana wanke fuska, tana ɗauke da ɗan tulunta, tana juya citta a kan dutse, ta ƙarshe kuma a bakin layi, ta ɗaga hannu ɗaya ta kare rana tana kallon jirgi yana wucewa. Ni aikina riƙe wa Malama jaka.

A ranar ta ƙarshe, muna komawa gida mu biyu, Laraba tana tsalle tana cewa, "Yaya, Malama ta ce zan shiga littafi. Yara duka za su gan ni."

Kishi ya riga ya cika min ciki tun Asabar ta farko. Na ce, "Ba ki ji abin da Kaka ta ce ba? An ɗauke inuwarki. Wanda aka ɗauke inuwarsa mutuwa yake yi."

Ta tsaya cak. Ta duba ƙasa gabanta, ta juya ta duba bayanta. Rana tana tsaka, inuwar ta taru ƙarƙashin ƙafafunta 'yar mitsitsiya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta leƙa, sai ta fashe da kuka. Tsoron dukan Mama ya kama ni, na lallashe ta, na ba ta guntun raken da ke hannuna, na ce kada ta faɗa wa kowa. Ta share hawaye ta shanye raken. Na ɗauka ta manta, kamar yadda yara suke mantawa.

Ba a daɗe ba aka tura Malama ƙaro karatu Zariya, ta tafi da hotunan ta ce a can za ta nemi masu buga littafi. Da bazara ta yi zafi sai baƙon dauro ya shigo unguwa. A lokacin ba a kiran sunansa da ƙarfi, sai dai ka ji an ce baƙo ya sauka gidan wane. Ya sauka gidanmu a kan Laraba. Zazzaɓi, jan ido, ƙuraje, sannan tari mai tsaga ƙirji. Baba ya goya ta a keke zuwa asibiti, aka ba da magani aka dawo, Kaka ma ta dafa nata ganyayen. Wata rana da la'asar Mama ta tafi rafi, aka bar ni ina yi mata fifita da faifai. Ta buɗe idon da ƙyar ta ce, "Yaya, hoton ne?"

Na ce, "A'a, wasa nake miki ranar nan."

Kamar ba ta ji ni ba. Can ta ce, "To ki ce wa Malama ta dawo min da inuwata."

Na ce zan faɗa mata. Bayan kwana biyu ta rasu. Aka binne ta bayan gida kusa da bishiyar gwanda, matan zumuntar majami'a suka yi waƙa, mai bishara ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa. Kaka ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba, kuma da ta faɗa da ya fi sauƙi. Shirunta ya cika gidan, har Baba ya koma cin tuwonsa a waje.

Wata da watanni suka wuce, damina ta zo ta tafi. Wata rana Mama tana daka, ni ina tsince acha, sai muka ji ƙararrawar keke. Malama Rifkatu ce, daga tasha ko gida ba ta je ba, labari kuwa bai kai mata ba, don a lokacin wa zai rubuta? Ta shigo da fara'arta tana ɗaga wani abu a naɗe cikin ɗankwali tana cewa, "Ina Laraba? Ta fito ta ga kanta."

Taɓaryar Mama ta tsaya a sama, sannan ta sauke ta a hankali ta jingina da turmi. Malama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta duba bayan gida inda tudun ƙasar yake, sai kawai ta zauna a ƙasa da kayanta na tafiya. Ta ce, "Mama, Allah ya sani ban ji ba." Ta fara tura ƙunshin cikin jaka.

Mama ta goge hannu a zani ta ce, "Kawo in gani."

Ɗan littafi ne sirit, hotunan baƙi da fari. Mama ta buɗe, ta daɗe a shafin farko kafin ta juya. Baba ya shigo ya tsaya a kanta. Kaka ma ta fito ta leƙa, ta sa bayan yatsa ta shafi kumatun hoton. Malama ta ce, "An riga an buga da yawa, amma ba a raba ba tukuna. In kun ce a'a, zan koma in roƙa a tsayar. Ko ƙonawa za a yi ban damu ba."

Baba ya ce, "A tsayar, Malama. Ba zan iya wucewa ta makaranta in ji ana kiran sunanta ba."

Mama ba ta je makaranta ba. Ta miƙo min littafin ta ɗora yatsa a kan rubutun ta ce in karanta mata. Na karanta, "Laraba tana ba kaji dawa."

Ta ce, "Tana ba su aka ce?"

Na ce e.

"Nan fa?"

"Laraba tana kallon jirgi."

Ta rufe littafin ta riƙe a ƙirji ta ce, "A bar shi." Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai Kaka ta rigaye shi. Ta ce in dai inuwar yarinyar tana ciki, ai ba za a sa mata wuta ba. Wannan ne karo na farko da na ga ita da Mama sun tsaya gefe ɗaya, kowacce da nata dalili. Baba ya ɗauki fartanya ya fita, kuma daga ranar ya canza hanyar zuwa aiki, yana zagayawa ta bayan kasuwa.

Ajinmu da aji ɗaya bango ne tsakani, bangon ma bai kai rufi ba. Kowace safiya sai in ji malaminsu ya buga tebur, muryoyi su tashi gaba ɗaya da irin jan muryar nan ta yara: "Ga Laraba. Laraba tana wanke fuska." Nakan toshe kunne da yatsu, amma yana shiga. Wata rana na leƙa ta taga sai na hango Mama tsaye a gindin bishiyar dogon yaro da damin itace a kai, ba ta sauke ba, ba ta kuma wuce ba, sai da suka kai ƙarshe. Ashe kusan kullum haka take yi. Yaran ba su san ko wace ce ba.

Daga baya ta ce in koya mata. Da la'asar in an gama aiki sai mu zauna a kan tabarma, ta wanke hannu, ta fito da littafin daga akwatinta, ta riƙa bin baƙaƙen da yatsa. Sunan ta fara ganewa, duk inda ya fito sai ta nuna shi tun kafin in ce komai. A irin zaman nan ne abin ya fi ƙarfina, na faɗa mata duk abin da ya faru a hanyar layi, da abin da Laraba ta tambaye ni ranar da ita Mama ta tafi rafi. Na sunkuyar da kai ina jiran duka.

Ta ce, "Baƙon nan ya ɗauki ɗan Maman Yohanna, wa ya ɗauke shi hoto? Ya ɗauki jikar mahaucin nan na bakin kasuwa, ita ma hoto ne? Ke yarinya ce, kin yi maganar yara." Na fara jin sanyi a raina. Sai ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, "Amma da kin faɗa min a lokacin, da na gaya mata ƙarya ne. Ni za ta yarda da ni. Da ba ta tafi da tsoro ba."

Ta maida yatsa kan shafin ta ce mu ci gaba. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, ni ma haka. Na yi aure, na haifi nawa, na yi jikoki, na yi addu'ar neman gafara a kan abubuwa da yawa na kuma ji an yafe min, amma wannan ɗaya tana nan inda Mama ta ajiye ta.

Malama Rifkatu ta yi wasu littattafan bayan wannan, ɗaya a kan citta, ɗaya a kan kasuwa, ɗaya a kan masaƙa da maƙera. Na lura a cikinsu duka ba ta sake nuna fuskar yaro ba, sai hannaye suna aiki, ko bayan wani yana tafiya, kuma ba ta sake sa wa kowa suna ba. Duk Kirsimeti takan zo gaishe da Mama da 'yar shinkafa a ƙunshe, su zauna su yi hirar gona. Namu littafin yana cikin akwatin Mama tare da littafin waƙoƙinta. Bayan rasuwarta ɗakin ya yi yoyo damina guda ba wanda ya sani, da na buɗe akwatin na tarar shafukan sun manne sun zama abu ɗaya, in ka ja sai ya marmashe. Na bi makarantu ina tambaya, na je gidan dangin Malama, ba wanda ya ajiye. Na makaranta tuni suka yage, an ƙunsa ƙosai da su.

Shekarar da ta wuce na shiga mota zan je ta'aziyya Zangon Kataf. Kusa da ni wani Alhaji ne mai furfura a gemu, ɗan kasuwa, da buhunan barkono a bayan mota. Da muka zo tsallaka tsohon layin dogo motar ta yi tsalle, sai na ji ya yi 'yar dariya ya ce shi kaɗai, "Laraba tana kallon jirgi."

Na ce, "Alhaji, ina ka san wannan?"

Ya ce, "Littafinmu ne na aji ɗaya, Mama. Da shi na fara gane baƙi. Duk sanda na ga layin nan sai ya faɗo min." Sai ya hau karantowa da ka, shafi bayan shafi, da jan muryar nan ta yara, yana ƙirgawa da yatsu, fasinjoji suna dariya. A ciki har da wani layi da ya ɓace min shekara da shekaru, inda take ɗaure akuya a turke. Yana faɗa na ga hoton a gabana, da igiyar, da yadda ta cije leɓe.

Na ce, "Ƙanwata ce."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Ikon Allah. Ashe mutum ce ta gaske? Mu da muka ɗauka 'yar littafi ce. Ai yanzu ta yi jikoki. Tana ina?"

Daidai nan direba ya taka birki, an iso mararrabar da Alhajin zai sauka, ana ta sauke masa buhuna ana cewa ya yi sauri. Na buɗe baki, gaskiyar tana kan harshena, sai na ji na ce, "Tana gida."

Ya sauka, ya gyara hula, ya leƙo ta taga ya ce, "To don Allah ki gaishe min da ita. Ki ce wani da ya koyi karatu a hannunta yana gaishe ta da kyau."

Motar ta fara tafiya. Na ce, "Za ta ji."